Zunubi Ko Laifi? Fashin Baƙi Kan Muhawarar Luwaɗi da Maɗigo

A farkon watan Yulin 2024 hankalin Arewa ya tashi. Jaridar Daily Trust ta buga labarin cewa Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Samoa, wadda Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashe 79 na Afirka da yankunan Karebiyan da Fasifik, kuma wai a cikinta akwai sharaɗin a amince da 'yan luwaɗi da maɗigo. Kafin kace me, masallatan Juma'a sun ɗauka, saƙonnin murya sun cika WhatsApp, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Ministan kasafin kuɗi Atiku Bagudu da na yaɗa labarai Mohammed Idris suka fito suka musanta. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ta bi takardar ba ta ga wannan sharaɗi ba. Daga bisani hukumar da ke sauraron ƙorafi a kan 'yan jarida ta ce rahoton bai inganta ba, jaridar kuma ta nemi afuwa.

Makonni aka kwashe ana tada jijiyar wuya, ba tare da an taɓa ainihin maganar ba. Dalili kuwa, a wurinmu kusan babu mai ja. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya gano kashi 7 cikin ɗari ne kawai na 'yan Najeriya ke ganin ya kamata al'umma ta karɓi wannan ɗabi'a, alhali a Afirka ta Kudu kashi 54 ne, a Amurka 72, a Suwidin 94. Musulmi da Kirista, da ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, a nan sun haɗu. Sai dai ɗanka da ke riƙe da waya, da 'yarka da ke karatu a Landan ko Toronto, kullum suna cin karo da ɗaya ɓangaren, wato masu ganin babu laifi a ciki, kuma ɓangaren yana da hujjojin da ya daɗe yana wasawa. Wanda bai san su ba tsinuwa kaɗai zai iya mayarwa, tsinuwa kuwa ba ta gamsar da yaron da ya zo da tambaya.

Saɓanin ya faro ne tun daga tushe, a kan wa ke da ikon cewa wannan abu mai kyau ne, wancan mummuna. Ga mai addini, jikin mutum amana ce, wanda ya halicce shi Shi ke shata masa iyaka. Alƙur'ani ya maimaita ƙissar Annabi Luɗu a Suratul A'araf da Hudu da Shu'ara'i da Namli da Ankabut, kuma malaman Musulunci na mazhabobi huɗu, da na Shi'a, babu wanda ya halatta aikin. Kirista kuma yana karanta Littafin Firistoci 18:22 da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa 1:26-27, yana kuma ganin aure tun daga Farawa namiji da mace aka ɗora shi a kai. Malaman tauhidi sun taɓa yin doguwar takaddama a kan wannan tushe. Mu'utazilawa suka ce hankali da kansa yana iya gane kyau da muni. Ash'arawa, waɗanda karatunsu ya mamaye zaurukanmu shekaru aru-aru, suka ce mai kyau shi ne abin da shari'a ta yaba, mummuna shi ne abin da ta hana. A bisa wannan fahimta, mumini ba ya jiran sai an nuna masa illar naman alade a ɗakin gwaji kafin ya ƙaurace masa. Ya ji, ya bi.

Ɓangaren da ba ya kafa hujja da wahayi, waɗanda a nan ake yi wa laƙabi da 'yan boko aƙida, sun ɗora nasu ginin a kan cutarwa da yarda. Baturen Ingila John Stuart Mill ya shimfiɗa ƙa'idar a 1859: babu dalilin da zai sa a tilasta wa baligi mai hankali barin abin da yake so, sai don hana shi cutar da wani. Daga nan tambayarsu take fitowa, kuma ita ce dai suke maimaitawa har yau. Mutum biyu balagaggu, da hankalinsu, da yardar juna, a cikin ɗakinsu, wa suka zalunta? Suka ƙara da cewa ƙasa ta mutane ce masu addinai daban-daban da marasa addini, don haka bai kamata 'yan sanda da gidan yari su zama kayan aikin aƙidar wani a kan wani ba.

Abin ya yi kama da mutum biyu da ke cinikin hatsi, ɗaya yana awo da mudu, ɗaya da sikeli, kowa yana rantsuwa ɗan'uwansa ya tauye shi. Karanta wa wanda bai yi imani da Alƙur'ani ba ayar Luɗu ba zai motsa shi ba. Tambayar mumini wa aka cutar ita ma ba za ta motsa shi ba, tunda riba da caca da zina duk da yardar juna ake yin su, kuma duk haramun ne a wurinsa.

A nan ne masu wa'azi da yawa suke yin tuntuɓe. Don su nuna hankali ma yana tare da su, sai su bar hujjarsu ta asali su koma lissafa illoli: yana kawo ƙanjamau, zai ƙarar da 'yan Adam. Da zarar sun yi haka sun hau ma'aunin abokin muhawara, a kansa kuwa ba su da ƙarfi. Gaskiya ne haɗarin kamuwa da ƙanjamau ya fi yawa ga maza masu neman maza. Amma akasarin masu ɗauke da cutar a Najeriya da sauran Afirka ta hanyar saduwar namiji da mace suka same ta, masu maɗigo kuma suna cikin waɗanda haɗarinsu ya fi ƙanƙanta. Ɗalibin likitanci na aji biyu zai iya rusa wannan hujja, yaron da ke sauraro kuma ya ɗauka hukuncin ne ya rushe. Ya fi zama gaskiya, ya fi kuma ƙarfi, malami ya ce Allah ne Ya hana, mu kuma mun yi imani da Shi.

Sai maganar halitta, inda aka fi ɓata lokaci. Wannan ya ce haka aka halicce ni, wancan ya ce ƙarya ne, koya ka yi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu ranar 17 ga Mayun 1990. A 2019 mujallar Science ta buga bincike mafi girma da aka yi a kan lamarin, wanda ya duba ƙwayoyin gado na mutum kusan rabin miliyan. Ba a samu wata ƙwaya guda da za a ce ita ke jawo shi ba, amma an ga gado yana da hannu, tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Wato mai cewa duk gado ne ya wuce gona da iri, mai cewa duk zaɓi ne shi ma haka. Mafi yawan masu wannan hali suna cewa sun tsinci kansu a ciki ne tun suna ƙanana, ba su zauna sun zaɓa ba, kuma babu dalilin ƙaryata su gaba ɗaya.

Amma ko da an tabbatar gado ne ɗari bisa ɗari, tambayar halas da haram tana nan inda take. An halicci mutum da fushi da kwaɗayi da hassada, hakan bai halatta masa bin su ba. Haka nan a ɗaya gefen, cewa abu ya saɓa wa ɗabi'a bai isa hujja ba, tunda masana dabbobi sun ga irin wannan hali a jinsuna da dama. Musulunci tun asali ya raba abin da zuciya take ji da abin da gaɓɓai suka aikata. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Cocin Katolika ma haka ta rubuta a littafin koyarwarta, sakin layi na 2357 zuwa 2359: aikin ba ya halatta, amma masu wannan sha'awa a karɓe su da mutuntawa da tausayi, a guji nuna musu wariya ta zalunci. Mutumin da yake ji a ransa, yake kuma danne kansa don tsoron Allah, a ma'aunin addini mai haƙuri ne da ke jiran lada. Ba kasafai ake jin wannan a kan mumbari ba, kuma rashin jin sa ya kori matasa daga masallaci da coci, waɗanda da sun zauna.

Kowane ɓangare yana da tambaya guda da take ci masa tuwo a ƙwarya. Wadda ake yi wa masu addini ita ce: saurayin da aka hana zina an buɗe masa ƙofar aure, to wannan fa, wace ƙofa aka buɗe masa? Ana neman ya ƙare rayuwarsa babu abokin zama, ko kuwa ya auri 'yar mutane ya cuce ta da zaman da babu so a ciki. Amsar addini ita ce jarrabawa ce, kamar sauran jarrabobin da Allah Yake ɗora wa bayinsa, kuma duniya ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Na yarda da wannan amsa, amma ya kamata mai ba da ita ya san nauyin abin da yake faɗa, ya kuma san ba ta da wani tasiri ga wanda bai yarda da lahira ba. Mai faɗar ta yana murmushin mugunta bai fahimce ta ba.

Wadda ake yi wa ɗaya ɓangaren kuwa Bahaushe ya fi kowa iya yin ta. In dai yardar balagaggu ita ce ma'auni, me ya sa auren mace fiye da ɗaya yake laifi a Amurka da Faransa, a Ingila ma har ɗaurin shekara bakwai yake iya jawowa? Me ya sa Faransa ta kafa dokar hana niƙabi a 2010, alhali mai sa shi baliga ce da ta zaɓa? Za su ce don kare mata ne da daidaito. To ashe ke nan su ma suna da wani abin da suka ɗauka shi ne rayuwa tagari, suna kuma tilasta shi da doka ko da masu abin sun yarda. Babu ƙasar da ke tsaye a tsakiya ba ta da ɗabi'ar da take karewa. Bambancin dai shi ne daga ina ta samo ta.

Kuskure ne kuma a ɗauka kowane sansani bakinsa ɗaya. Tarayyar Sobiyet, da ta rushe coci-coci da masallatai, ta mayar da luwaɗi laifin ɗauri a 1934 zamanin Stalin, dokar ba ta faɗi ba sai 1993. A cikin addini ma ɓaraka ta yi zurfi. Taron Lambeth na bishop-bishop ɗin Angilika a 1998 ya zartar da cewa aikin ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, amma a 2003 reshen Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji. Peter Akinola, shugaban cocin Angilika na Najeriya a lokacin, shi ya ja ragamar masu bijirewa har suka yi nasu taron a birnin Ƙudus a 2008. Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, Angilika kamarsa, ya tsaya a ɗaya gefen har ya rasu. A Disambar 2023 fadar Batikan ta ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba tare da ɗaura musu aure ba, bishop-bishop ɗin Afirka ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kwango suka ce ba za a yi haka a nahiyarsu ba. Abin ya iso har gida: bayan cocin Methodist ta Amurka ta sauya matsayinta a 2024, mabiyanta a Taraba suka rabu biyu, rikicin mallakar coci da kadarori ya kai ga asarar rayuka a ƙaramar hukumar Karim Lamido a ƙarshen shekarar. A cikin Musulmi akwai 'yan tsiraru a Yamma, irin su Scott Kugle, da ke cewa laifin mutanen Luɗu fyaɗe ne da tare hanya da wulaƙanta baƙi. Malamai sun mayar musu da aya ta 81 a A'araf, wadda ta ambaci zuwa wa maza da sha'awa a bar mata ƙarara, kuma ra'ayin bai samu gindin zama ba.

Akwai wata magana da muke son faɗa, cewa Turawa ne suka kawo mana. Tarihi bai goyi bayanta ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala da kowane almajirin zaure ya sani, ya rasu a 996, kuma ya rubuta hukuncin wannan aiki, abin da ke nuna an san shi tun kafin zuwan Turawa. Duk wanda ya girma a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san 'yan daudu, a tashar mota suna tuyar kaji, a gidajen biki, a wajen bori. Ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba, amma kasancewarsu ta nuna al'ummar Hausa ta daɗe tana zaune da mutanen da ba ta yarda da halinsu ba. Tana ƙyama, tana yi musu wa'azi da habaici, tana kuma sayen abincinsu. Abin da Bature ya kawo tabbas shi ne sashen doka. Sashe na 377 na kundin laifukan Indiya na 1860 ya bi ta Sudan ya shigo kundin Penal Code na Arewa a 1960 a matsayin sashe na 284, mai ɗaurin da ya kai shekara 14. Faransa kuwa ta soke irin wannan laifi tun 1791, shi ya sa Nijar ta shafe shekaru da dama bayan samun 'yanci babu irin wannan sashe a kan balagaggu, ba don mutanen Damagaram sun fi na Daura sassauci a addini ba. Sabon abin da ya zo daga Yamma a zamaninmu shi ne mayar da sha'awa ta zama sunan da mutum yake amsawa, da tuta da ƙungiya da neman a ɗaura aure. Wannan ne mutanenmu suke nufi in sun ce baƙon abu ne, kuma a nan suna da gaskiya.

Duk wannan a kan zunubi ne. Maganar laifi, wato abin da hukuma da jama'a ke da ikon yi wa mutum, daban take, kuma a nan nake ganin za a iya fahimtar juna ko da ba a haɗu a tushe ba. Ingila ta yi wannan muhawara a fili. Rahoton kwamitin Wolfenden na 1957 ya ba da shawarar a daina hukunta abin da balagaggu suka yi a ɓoye. Alƙali Patrick Devlin ya tashi a 1959 ya ce al'umma ɗabi'unta ne ke riƙe da ita, tana da ikon kare su da doka kamar yadda take kare kanta daga cin amanar ƙasa. Masanin shari'a H. L. A. Hart ya mayar masa cewa ƙyamar masu rinjaye kaɗai ba ta isa dalilin ɗaure mutum ba, babu kuma shaidar cewa abin da aka yi a ɗaki zai rusa ƙasa. Majalisa ta bi Hart a 1967. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 yana ɗauke da muryoyin biyu: sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na ƙasa, sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi don kare tarbiyyar jama'a.

Fiƙihunmu ya riga su shiga wannan fage, kuma abin da ya faɗa ya fi abin da ake ji a bakin titi faɗi. A kan haramci babu saɓani, amma a kan hukunci akwai. Imam Malik ya ce jifa, ko mutum ya taɓa aure ko bai taɓa ba. Mashahurin zancen Shafi'iyya da Hambaliyya shi ne hukuncin zina. Abu Hanifa ya ce babu haddi, ta'aziri ne gwargwadon ganin alƙali, Ibn Hazm ma haka ya tafi. Maɗigo kuwa a wurin mafi yawan malamai ta'aziri ne. To Risalar da ta kawo hukunci mafi tsanani, a babi guda ta kewaye shi da katanga. Sai shaidu huɗu maza adilai sun ga aikin da idonsu, sun kuma ba da shaida a lokaci guda. In ɗaya ya gaza, sauran ukun ne za su sha bulala, kamar yadda ya faru a zamanin Sayyidina Umar. Wanda ya yi iƙirari da bakinsa in ya janye an karɓa. Kuma a wannan babin dai aka rubuta cewa duk wanda ya kira wani ɗan luwaɗi ba tare da ya kawo shaidu ba, a yi masa haddin ƙazafi, bulala 80. Ka ɗora wannan a kan abin da ake rubutawa a Facebook da TikTok kullum, inda ake liƙa hoton mutum da sunansa da unguwarsu saboda tafiyarsa ko muryarsa, ka ga bayan wa bulalar za ta fara sauka.

Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Da Ma'izu ya zo ya yi iƙirarin zina, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kawar da kai yana ba shi hanyar komawa, daga baya kuma ya ce wa wanda ya ba shi shawarar zuwa, da ka rufe shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Suratun Nur aya ta 19 ta yi kashedi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, malamai kuma sun shigar da masu yayata ta a ciki. Tsarin ke nan: hukunci mai tsanani a rubuce don a san girman abin, hanyar tabbatar da shi kuma ƙunƙuntacciya ƙwarai, ta yadda sai wanda ya yi a bainar jama'a zai faɗa. Tsayar da haddi kuwa aikin shugaba ne da alƙalinsa. Babu mazhabar da ta miƙa shi ga matasan unguwa masu gora.

Dubi abin da ya biyo bayan dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka ko ya shiga ƙungiyarsu ko ya nuna irin wannan soyayya a fili. A cikin watan nan, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu suna neman a kashe waɗanda ake tuhuma tun ba a gama sauraron shaidu ba, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama, alƙali ya dakatar da zama. Waɗanda aka samu da laifi a wancan lokaci bulala da tara aka yanke musu. A Fabrairu kuma wasu gungun mutane suka bi gida-gida a unguwar Gishiri da ke Abuja suna fito da maza suna duka. Masu jifan kotun Musulunci da sunan kishin Musulunci sun taka shari'ar da suke cewa suna karewa, kuma ban ga yadda za a yi musu uzuri ba. Wanda ake zargi, ko da ya aikata, Musulmi ne mai zunubi a aƙidar Ahlus Sunna matuƙar bai halatta ba. Ana yi masa sallama, ana yi masa salla in ya mutu, ƙofar tuba kuma a buɗe take gare shi. In Kirista ne ko ba ya da addini, jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa suna nan da alfarmarsu. Fafaroma Francis ma a Janairun 2023 wannan rarrabewar ya yi, da ya ce kasancewa mai wannan hali ba laifin da doka za ta hukunta ba ne, ba tare da ya sauya koyarwar cocinsa a kan aikin ba.

Ƙasashen Yamma su ma sun zuba wa wutar fetur. A 2011 firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi, wata guda bayan nan Majalisar Dattawan Najeriya ta zartar da ƙudurinta na hana auren jinsi, shugabanta David Mark yana cewa su riƙe tallafinsu. Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka ga Yuganda a 2023 bayan dokarta mai ɗauke da hukuncin kisa. Mai kallo daga nan yana tuna cewa Barack Obama kansa bai goyi bayan auren jinsi ba sai 2012, kotun ƙolin Amurka ba ta halatta shi ba sai 2015, Holan da ta riga kowa a 2001 ta yi. Abin da suka kai gare shi jiya suke so ya zama sharaɗin maganin zazzaɓin cizon sauro yau, suna kuma kiran duk mai riƙe da koyarwar addininsa maƙiyi. Ɗan siyasarmu da ya kasa kawo wuta da ruwa sai ya samu fagen nuna jarumta a arha, talakan da ake zargi a unguwa kuma shi ke biyan kuɗin.

Biyan kuɗin ba a kansa yake tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna tsoron zuwa asibiti a tsakanin maza masu neman maza ya tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar 2014. Wasu daga cikinsu magidanta ne, tunda al'ada ba ta barin namiji ya zauna babu aure. Wanda ya ji tsoron gwajin ƙanjamau ya ƙi shan magani, matarsa ta gida da jaririn da ke cikinta su ne na gaba. Likita ba alƙali ba ne, kuma kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a biyar.

Sai abin da ya fi damuna. Labaran da muke ji daga kotuna da ofisoshin 'yan sanda sau da yawa suna cakuɗa abu biyu: balagaggu da suka yi da yardarsu, da babban mutum da ya yaudari yaro ɗan shekara takwas da naira ɗari ya lalata shi. Na biyun fyaɗe ne, kuma a kansa babu wata muhawara tsakanin malami da fasto da wanda bai yarda da Allah ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 dokar tarayya ce da ta amince namiji ma ana yi masa fyaɗe. Amma saboda tambarin da ke biyo baya, yaron da aka cuta yana tsoron faɗa kada a ce shi ma ɗan luwaɗi ne, iyaye suna rufewa don kada sunan gida ya ɓaci, a kira mai unguwa a sasanta, mai laifin ya koma wata unguwa ya ci gaba. Almajirai da yaran makarantun kwana da masu talla su suka fi faɗawa, don babu mai tsaya musu. Yaron da aka yi wa haka ba shi da zunubi a kowace mazhaba, tunda an ɗauke alƙalami daga kan wanda bai balaga ba da wanda aka tilasta. Abin da yake buƙata shi ne a gaskata shi, a kai ƙara, a kuma kai shi asibiti da gaggawa, domin maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki.